Babi na Shida: Sarƙar da Ta Dace da Ƙasar Karfi

Me ya sa eskabeta mai nauyin tan 20 take tsayawa a bakin fadama tana ɗiban laka hankali kwance, amma tifar da ta zo kwasar ƙasar, tun ba a zuba mata ko guga ɗaya ba, ta kafe har ciki? Duk inda aka kawo katafila haƙar tafki a ƙasar Malumfashi, ko a Karfi ne ko a Dayi, sai an ji 'yan kallo suna wannan muhawara a gindin bishiya. Kafin a watse, wani dattijo zai yanke hukunci da kalma ɗaya: sarƙa. Kuma ya yi gaskiya.

Sai dai amsar tana haifar da wata tambayar, wadda ita ce ke cin kuɗin masu injuna. Tun da faɗin sarƙa ne ke hana nutsewa, me zai hana mutum ya sayi mafi faɗin da ke kasuwa, ya ɗaura, ya huta? Haka alhazai da dama suke lissafi, waɗanda suka tara kuɗin masara da waken soya suka sayi inji don bayarwa haya, ranar da makanike ya ce musu, "Alhaji, ƙafa fa ta ƙare." Masu ƙera injunan kuwa akasin haka suke rubutawa a littafin da ke zuwa da kowane inji: a zaɓi mafi ƙarancin faɗin da zai iya riƙe injin a kan ƙasar da yake aiki. Ba za a gane dalilinsu ba sai an fara da lissafin da ke hana tan 20 nutsewa.

Lissafin da ke riƙe da tan ashirin

Ƙasa ba ruwanta da jimillar nauyin abin da ya hau kanta. Abin da ta sani shi ne nawa ya sauka a kan kowane ɗan gurbi nata.

A ɗauki injin da ya fi yawa a wannan yanki, ajin tan 20, irin su Caterpillar 320 da Komatsu PC200 da takwarorinsu na Hyundai da Sany. Tsawon sarƙar da ke kwance a ƙasa ya kai kimanin santimita 330 a kowane gefe. Idan faɗinta santimita 60 ne, gefe biyu sun shimfiɗu a kan fili mai murabba'in santimita 39,600. A raba kilo 20,000 a kan wannan fili, kowane murabba'in santimita ya ɗauki rabin kilo ke nan. Ita kuwa tifa, mai faci kan ba tayarta iska wajen 100 a ma'auninsa, wanda ya yi daidai da kilo 7 a kan murabba'in santimita, kuma kusan haka tayar take danna ƙasa. Wato tifa ta ninka eskabeta matsi har sau goma sha huɗu. Ba nauyi ya kayar da ita ba, ƙarancin wurin takawa ne.

Fatake sun san wannan tun kafin a ƙera inji. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma a rairayi jaki ne ke lumewa, saboda tafin raƙumi shimfiɗaɗɗe ne, kofaton jaki kuwa tsukakke. Amma in hanya ta shiga duwatsu, jakin ne ke tafiya ƙwas-ƙwas, raƙumi yana ɗingishi. Rabin farko na wannan magana kowa ya riƙe shi. Rabi na biyun ne masu sayen sarƙa suke mantawa.

Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Holt ya sha wannan darasi da kuɗinsa. Taraktocinsa masu aiki da tururi suna nutsewa a gonakin laka na kusa da garin Stockton a Kalifoniya, sai ya dinga ƙara wa ƙafafunsu faɗi, har injin ya zama ba ya juyuwa sai da wahala. A watan Nuwamba na 1904 ya cire ƙafafun baya ya gwada sarƙa mai ɗauke da katakai, injin ya ratsa gonar da a da ba ya shiga. Kamfaninsa ne ya haɗe da na C. L. Best a 1925 aka sami Caterpillar. Katakan nan su ne suka zama takalman ƙarfe na yau.

Abin da ke ƙarƙashin injin

Abin da mai kallo ke kira sarƙa abu biyu ne a haɗe. Akwai sarƙar kanta, wadda ba a cika ganinta daga nesa ba: gaɓoɓin ƙarfe a jere biyu, fin da bushin suna haɗa kowace gaɓa da ta gabanta. Sai takalma, wato faifan ƙarfen da ke taka ƙasa, kowanne ɗaure a kan gaɓarsa da kusoshi huɗu. A baya akwai siforoket mai haƙora, shi ke jan sarƙar. A gaba akwai aidila, wadda giris ke turawa don ta ɗaure ta. Tsakaninsu roloji ne, na ƙasa suna ɗauke da nauyin injin, biyu a sama suna tallafe da sarƙar kada ta lotsa.

Kamfanonin ƙera injuna sun daɗe suna faɗin cewa a injin da ke tafiya kan sarƙa, musamman buldoza, wannan sashe na ƙasa kan lashe kusan rabin kuɗin gyara a tsawon rayuwarsa. Eskabeta ba ta kai buldoza yawo ba, don haka nata bai kai haka ba. Amma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sarƙa biyu na injin tan 20 maganar miliyoyi ce, kuma kuskure a cikinta ba irin wanda ake gyarawa da walda ba ne.

Girman sarƙa awo uku ne. Biyu daga ciki injin ne ya zaɓa tun daga masana'anta, mai shi ba shi da ta cewa.

Awo biyu da ba a ciniki a kansu

Na farko tazara ce, daga tsakiyar fin zuwa tsakiyar fin na gaba. Haƙoran siforoket an yanka su ne daidai da wannan tazara, kowane bushin ya faɗa gurbinsa. Ƙananan injuna na tan 6 zuwa 7 sukan zo da milimita 135. Ajin tan 12 zuwa 13 suna tsakanin 171 da 175, gwargwadon kamfani. Ajin tan 20 kusan duk 190 ne, na tan 30 kuma galibi 216. Sarƙar da tazararta ta saɓa ko da kaɗan ne ba za ta zauna a haƙora ba. Za ta dinga hawa kansu tana faɗowa da ƙara, tana cin siforoket, siforoket yana cin ta.

Ana iya auna tazara da tef ɗin awo, amma akwai tarko a ciki. Tsohuwar sarƙa ta riga ta miƙe, domin fin da bushin sun ci juna daga ciki. Shi ya sa makanikai kan sa a ja injin gaba kaɗan sarƙar sama ta miƙe tsaf, su auna gaɓa huɗu a jere, su raba gida huɗu. Sabuwa mai 190 za ta ba da 760. In aka sami 772, ba wani sabon aji aka gano mai 193 ba, 190 ce da ta tsufa. Ƙarin milimita uku a gaɓa ɗaya kamar ba komai ba ne, amma a sarƙa mai gaɓa 49 ya kusa santimita 15. Wannan ne ke sa aidila ta fito har ƙarshen hanyarta, sarƙa kuma tana nan sako-sako, tana zamewa duk lokacin da injin ya juya a gangare.

Maganin da aka saba yi a bakin aiki shi ne a cire gaɓa ɗaya a sake haɗawa. Yana kai mutum ƙarshen kwangila, ba laifi. Amma sarƙar ta ɗauru ne kawai, tazarar ba ta dawo ba, kuma haƙoran siforoket za su ci gaba da fiƙewa.

Na biyu adadin gaɓoɓi ne. Inji iri ɗaya yakan zo da ƙafa iri biyu, gajera da doguwa. Komatsu PC200 na da gaɓa 45 a kowane gefe, PC200LC kuma 49. Haka Caterpillar 320 da 320L, 45 da 49. Harafi ɗaya ko biyu a jikin injin su ne bambancin gaɓa huɗu, kuma injin da ya sha fenti sau uku kafin ya iso Funtuwa ba lallai ne rubutun jikinsa ya faɗi gaskiya ba. Dillali na iya manna kowace lamba. Abin dogaro shi ne allon ƙarfen da ke ɗauke da lambar injin ta asali, sannan ƙidaya da hannu: a shafa wa takalmi ɗaya alli, a ƙirga har a dawo kansa. A kuma tambayi ofareta ko an taɓa cire gaɓa, don kada a ƙirga 48 a je neman abin da babu shi.

Ko tazara da adadi sun yi daidai, tsugune ba ta ƙare ba. Sarƙar Caterpillar da ta Komatsu duk 190 ne, amma ba a musanya su kai tsaye, domin kaurin bushin da wuraren ramukan kusoshi na iya bambanta. Mutum zai iya biyan mota daga Kano, a sauke masa sarƙa a Karfi, sai an zo ɗaura tsofaffin takalma a tarar ramuka ba su haɗu ba.

Faɗi, inda mai inji ke da ta cewa

Awo na uku faɗin takalmi ne, kuma a nan ne kaɗai ake zaɓi. A ajin tan 20 kasuwa na da milimita 600, da 700, da 800. Komatsu ta raba su filla-filla a littafinta: 600 don duwatsu da gadon kogi da ƙasa ta yau da kullum, 700 don ƙasa mai ɗan taushi, 800 kuma sai wuri mai tsananin laushi irin na fadama, tare da gargaɗin kada a kai masu faɗin inda akwai manyan duwatsu da kututture.

Dalilin gargaɗin yana cikin ginin abin. Sarƙa tana tsakiyar takalmi ne, kuma faɗinta ba ya canzawa ko wane takalmi aka ɗaura mata. Abin da ke ƙaruwa shi ne fiffiken da ya fito gefe da gefe ba tare da komai ya tallafe shi ba. Daga 600 zuwa 800, kowane gefe ya ƙaru da santimita 10. A laka wannan alheri ne, domin laka tana ba da kai, nauyi ya bazu ko'ina. A kan marmara kuwa ƙasa ba ta ba da kai. Bakin takalmi zai hau kan dunƙulen dutse guda, sauran jikinsa yana lilo a iska, nauyin injin ya taru a wannan baki, ya murɗa gaɓar da ke tsakiya. Iya nisan bakin daga sarƙa, iya ƙarfin murɗawar.

Ɓarnar ba ta bayyana rana ɗaya. Kusoshi ne ke fara sassautawa. Takalmi ya fara motsi a kan gaɓa, ramukan da suke zagayayyu su koma dogaye, daga nan ko an ɗaure ba sa ɗauruwa. Sai takalma su fara lanƙwashewa, wasu su tsage. A ciki kuma murɗawar tana buɗe bakin hatimin da ke riƙe giris tsakanin fin da bushin, giris ya fita, yashi ya shiga. Ga wahalar juyi: takalmi mai faɗi yana da ƙasa mai yawa da zai goge kafin injin ya karkata, kuma injin tafiyar da ke cikin siforoket, wanda gyaransa ya fi na sarƙa tsada, shi ke ɗaukar wannan dakon. Su kansu takalman sun fi nauyi, sukan ƙara wa inji rabin tan ko fiye, a dinga jan sa da man dizal kullum.

To me aka samu a madadin duk wannan? A koma lissafin farko. Da faɗin santimita 80, filin takawa ya zama 52,800, matsi ya sauko daga 0.5 zuwa 0.38. Ragin kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Yana da amfani a inda ƙasa ke kan gaɓar ɗauka ko ƙin ɗauka, amma ba zai mai da eskabeta kwalekwale ba. Lakar da za ta haɗiye mutum har gwiwa za ta haɗiye 600, ta haɗiye 800, bambancin 'yan mintoci ne. Wanda ya sayi mai faɗi don tsoron rana ɗaya a fadama, alhali wata shida yana kan marmara, garin neman ƙiba ya samo rama.

Wani abu da ke tafiya da faɗi shi ne haƙarƙarin da ya taso a bayan takalmi. Buldoza tana da guda ɗaya dogo, don aikinta turi ne, tana buƙatar kafa ƙafa. Eskabeta a tsaye take aiki, sai aka ba ta uku gajeru, waɗanda suke ƙara wa takalmin ƙarfin jure lanƙwasa, suke sauƙaƙa juyi, ba sa kuma tona hanya sosai. Masu haƙarƙari biyu na wuraren fasa dutse ne da gangare mai santsi. A aikin wannan yanki, uku sun wadatar.

Me ƙasar Karfi take so?

Kudancin Katsina yana zaune ne a kan tsohon dutse. Duwatsun da ake hange a kewayen Funtuwa kawunansa ne da suka leƙo, saura yana ƙarƙashin gonaki. A tudu, jar ƙasa ce a sama, in aka yi ƙasa kaɗan a ci karo da tsakuwa da marmara. A kwari kuma fadamu ne masu baƙar laka, inda ake rake da shinkafa da tumatirin rani, kamar yadda aka san ƙasar Ɗanja da Bakori da Ƙafur da su. Ƙasa iri biyu ke nan, wani lokaci a cikin gona ɗaya.

Abin da ke raba gardama shi ne kalandar aiki. Ruwa yakan sauka daga Mayu zuwa farkon Oktoba, wajen milimita 1,000 a shekara, Agusta ce ƙololuwa. A waɗannan watanni gonaki cike suke da masara da dawa da auduga, babu manomin da zai bari katafila ta ratsa masa shuka sai da diyya, tifa kuma ba ta shiga hanyoyin ƙauye. Yawancin injuna a ajiye suke, ko suna cikin gari suna aikin magudanar ruwa. Kasuwarsu tana buɗewa ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi tauri har guga yana tartsatsi. Aikin kuma sananne ne: ɗiban marmara don cikon hanya, haƙar tushen gini da ramin tankin gidan mai, tafkin shayar da shanu, kududdufin kifi, tuge kututture a sabuwar gona, lodin yashi a rafi. In aka jera su, kusan duk aikin 600 ne.

Har yashin rafi, da ake gani kamar mai laushi, ba ya neman faɗi. Yana ɗaukar inji lafiya lau. Illarsa ita ce kaifi, yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe yana goge su, kuma takalmi mai faɗi ƙara ɗebo shi yake yi.

Mai buƙatar 700 ko 800 shi ne wanda abincinsa ke cikin ruwa: mai yashe madatsun ruwa irin na Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi in ƙasa ta cike su, ko mai tona hanyoyin ban ruwa a fadama shekara da shekara. Shi ma akwai abin da ya kamata ya sani game da fadamar rani. Samanta kan bushe ya tsattsage, mutum ya bi da babur lafiya, alhali kamu biyu a ƙasa laka ce tsundum. Girgizar injin tana narkar da ɓawon a hankali, sai a ga gefe ɗaya ya fara zama. Gogaggen ofareta ba ya shiga sai ya miƙa hannun injin ya danna wurin da guga ya ga yadda ya amsa. In bai gamsu ba, sai ya shimfiɗa gungume ko ya zuba marmara ya yi wa kansa dandamali, ko ya ce wa mai aikin, "Ranka ya daɗe, a bar shi sai Maris." Inda ruwa ba ya janyewa sam, aikin na inji mai dogon hannu ne da zai tsaya a tudu ya miƙa. A Neja Delta ma, inda fadama ce ko'ina, ba faɗin takalmi suke ƙarawa ba, eskabetar suke ɗorawa a kan manyan tankoki masu iyo.

Ga mai inji ɗaya da ke karɓar duk aikin da ya samu, yau tudu gobe kwari, 700 sulhu ne da za a iya zama da shi. Amma in za a faɗi gaskiya, mafi yawan masu haya a tsakanin Funtuwa da Malumfashi ba su da hujjar wuce 600.

Injin da ya zo da takalman wata ƙasa

Kusan duk injunan da ke yankin na hannu ne, sun yi rayuwa a wani wuri kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas. Kowanne da takalman tsohon aikinsa yake zuwa. Wanda ya fito daga Holan, ƙasar laka da magudanan ruwa, sau da yawa da masu faɗi ake ganinsa. Sabon mai shi zai ɗauka haka kamfani ya ƙera shi, in sun ƙare ya sake neman irinsu. Ba dole ba ne. A kan sarƙa ɗaya ana iya ɗaura 600 ko 800, muddin ramukan kusoshi ɗaya ne.

Wasu ba sa jiran su ƙare, sukan kira mai walda ya rage faɗin da wutar gas. Dabara ce mai aiki in an yanke daidai wa daida a gefe biyu, sarƙa ta zauna a tsakiya.

Akwai kuma maganar hanya. Eskabeta ba ta zuwa wurin aiki da ƙafarta, lobed ke ɗaukar ta. Gajeriyar ƙafa mai takalmi 600 faɗinta mita 2.8 ne. Doguwar ƙafa mai 800 ta kusa mita 3.2, ta leƙo gefe da gefen tirela. Duk direban da ya taɓa ratsa gari ranar kasuwa da irin wannan kaya, ko ya hau ƙaramar kwalbatin ƙauye, ya san abin da santimita 40 ke nufi.

A gaban mai shago

Sarƙa ana samunta hawa-hawa. Akwai ta kamfani daga dillalin da aka amince da shi, kamar Mantrac mai wakiltar Caterpillar a Najeriya. Akwai ta masana'antun da sana'arsu ke nan, irin su Berco da ITM na Italiya, da na Koriya, da na Sin masu matakin inganci iri-iri. Sai ta hannu, wadda ake nema a wuraren 'yan kayan gyara kamar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Ko wacce za a saya, kada a tafi da sunan inji kawai a baki. A tafi da takarda mai ɗauke da lambar injin, da tazara, da adadin gaɓoɓi, da kaurin bushin, da nisan ramukan kusoshi tsaye da kwance. Wanda ya fi kowa wayo shi ne mai kwance takalmi ɗaya ya jefa a bayan mota, a gwada shi a kan sabuwar sarƙar kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Ta hannu tana buƙatar ido. A auna gaɓa huɗu kamar yadda aka bayyana. A duba tsayin gaɓa inda roloji ke bi, ko ya cinye, ko an cike shi da walda an shafe da baƙin fenti. A sa a ɗaga ta a ga ko kowace gaɓa tana lanƙwasuwa, domin wadda ta daɗe a yashe cikin ruwan sama takan ƙage, kuma gaɓar da ta ƙage ba ta kwanciya a kan aidila.

In tsofaffin takalma ba su lanƙwashe ba, haƙarƙarinsu kuma da saura, sayen sarƙa tsirara a mayar da su ya fi araha. Kusoshi dai sababbi ake sawa, a kankare fenti da tsatsa a inda takalmi zai kwanta, a ɗaure da ma'auni, a sake bi bayan kwanakin farko na aiki. Gefe biyu kuma tare ake canzawa. Sabuwa a dama, miƙaƙƙiya a hagu, injin zai dinga karkata a tafiya.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan rana shi ne barin tsohon siforoket. Haƙoransa sun riga sun ci daidai da miƙaƙƙiyar sarƙa, in aka ba su sabuwa sai su fara sassaƙe bushin ɗinta tun daga ranar farko. Kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan kuɗin sarƙa, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi wa rowa.

Bayan an ɗaura

Sarƙar da aka zaɓa daidai ma tana iya mutuwa da wuri a hannun ofareta. Ɗauri fiye da kima ya fi sassauci ɓarna, kuma lakar fadama kan cushe tsakanin haƙoran siforoket ta ƙara wa sarƙa ɗauri ba tare da kowa ya taɓa giris ba. Saboda haka a laka ana ɗan sassautawa, da yamma kuma a ɗaga gefe ɗaya da guga a juya sarƙar a iska ta kakkaɓe, a bi da shebur. Lakar da ta kwana a jikin rola cikin iskar hunturu takan daskare ta hana shi juyawa, sarƙa ta dinga gurzar sa har ya yi fuska. Wajen sassautawar a yi hattara: giris ɗin da ke bayan aidila a matse yake ƙwarai, ba a kwance bawul ɗinsa fiye da zagaye ɗaya, ba a kuma sa fuska a saitinsa.

Doguwar tafiya a yi ta da aidila a gaba, siforoket a baya, domin tafiya da baya ta fi cin bushin. Mai inji da ke ƙyashin kuɗin lobed, ya ce a taka da ƙafa daga wannan ƙauye zuwa wancan, a jikin roloji da sarƙa zai biya kuɗin, da riba.

Duk wannan magana ce ta abin da ke riƙe injin a tsaye. Abin da ke kawo kuɗin kuwa yana can ƙarshen hannu, kuma shi ma marmara da laka ba abu ɗaya suke nema daga gare shi ba. Babi na gaba zai duba guga: faɗin da ya dace da kowane aiki, irin haƙoran da ke shiga marmara, da dalilin da ya sa babban guga kan rage yawan tifar da ake cikawa a yini.